Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗan Omdurman da Tawadar Baffa

Makon jiya mun tsaya a kan komawata gida da fenti a hannun riga. Zan tsallake wannan tukuna, domin maganar Baffa ta hana ni sakat. Shi ne yake cewa, "Tawadar da ba ta rubuta harafi ba, asararriya ce." A zaure yake faɗa, gaban almajirai, kuma kowa ya san da wa yake. Allah Ya jiƙan sa. Amma da ya san mai zanen nan Ibrahim El-Salahi, da ya sassauta.

An haifi Salahi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, irin gidanmu sak. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da duk dabarun Turawa. Ya baje kolin zanensa a Khartoum, mutanen gari suka ƙi kula shi. Maimakon ya zage su da jahilci, kamar yadda wasu abokan sana'armu suke yi, sai ya shiga gidaje yana duba abin da mutane suke ratayewa a bango da son ransu. Ya tarar rubutun Larabci ne da adon gargajiya. Daga nan ya kama harafi, yana karya shi, yana jan wutsiyarsa, har fuska ko dabba ko jinjirin wata su fito daga tsakanin layuka. Wannan salo ne ya zama ginshiƙin tafiyar masu zane da ake kira Makarantar Khartoum, kuma tun farkon shekarun 1960 aka nuna aikinsa a kulob ɗin marubuta da masu zane na Mbari da ke Ibadan.

To Baffa, ga tawada ta rubuta harafi, harafin kuma ya zama hoto. Ina asarar take?

Tawadar kanta ba a yi mata gaggawa. Ƙaro ake jiƙawa, cokali ɗaya a rabin kofin ruwa, ya kwana, a tace da tsumma mai laushi. Sai a kankaro baƙin gindin tukunya ko a daka gawayi ya yi lukui, a riƙa zuba ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan ana murzawa. Idan ƙaro ya yi yawa, zanen zai yi sheƙi, ya tsattsage bayan ya bushe. Idan ya yi kaɗan, yatsa ma zai goge shi. Ta allo an yi ta ne don a wanke, saboda haka mai son aikinsa ya daɗe sai ya nemi tawadar kanti wadda ruwa ba ya ɗagawa. Alƙalamin kara kuwa a fere bakinsa a karkace, a tsaga shi kaɗan, shi ke ba da layi mai kauri da siriri a ja ɗaya. Burushi ba ya iya wannan.

Babban aikin Salahi na shekarun 1960, wanda yake yanzu a gidan adana zane na Tate a Ingila, a kan damuriya ya yi shi, wato saƙin audugar Sudan, da fentin mai gauraye da irin fentin ƙofa. Yara suna ganin haka sai su kwaikwaya a kan farin yadi tsurarsa. Kuskure ne. Man fentin yana cin zare, a hankali yadin ya rube. Sai an fara shafa ruwan gam sau biyu, ya bushe, kafin fenti ya hau. Fentin ƙofa kuma samansa ke fara bushewa ya bar ciki ɗanye, idan aka labta shi da kauri sai ya yamutse. Launukan Salahi na ƙasa ne: ja-ja, ruwan toka, baƙi, fari.

Na tuna wani dillali da ya taɓa ce mini aikin takarda ba ya kuɗi, in koma zanen dawakin hawan salla da launi mai ihu. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Shi da Baffa gefe biyu suka tsaya, amma duka raini ne.

A 1975, Salahi yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin shugaban Sudan Numeiri ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Wata shida ya yi a kurkukun Kober ba shari'a. An hana rubutu, sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana, yana zane da guntun fensir, yana binnewa a cikin yashi. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan ƙunci ya zame masa hanyar aiki. Yakan fara da ƙaramar takarda guda, idan zanen ya nemi fili sai ya jona wata a gefe, ya ci gaba har ya cika bango. Babban aikinsa na 1984 zuwa 1985 falle tara ne, baƙar tawada zalla. Mai gwada wannan ya lura: layin da ya isa bakin takarda dole ya faɗa daidai inda na gaba zai ɗauka, don haka a jera su a ƙasa a ja layin haɗin tare. Takardar siminti kuma tana yin ja ta karye da tsufa, larura ce ta sa shi amfani da ita.

Bayan kurkuku ya zauna a Ƙatar, daga baya ya koma Oxford. Can ya shiga zana gawo, wanda 'yan Sudan suke kira haraza, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Bai zana shi da rassa ba, layuka ne miƙaƙƙu a jere, wani lokaci kamar mutum a tsaye. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin aikin rayuwarsa kaf. Da ciwon baya ya zaunar da shi, sai ya koma zane a kan kwalayen maganin da yake sha.

Baffa ya rasu bai taɓa riƙe zanena ya duba ba, ko sau ɗaya. Mako mai zuwa sai batun rigar nan da abin da Inna ta yi da ita.