Na daina cewa ba zan iya ba

Shekarata 6 a Makka, wajen Shara Mansur nake zaune. Ranar da na fara ganin Ka'aba kuka na yi, na ce shi ke nan na zama sabon mutum, gulma da saurin fushi da gabar da nake yi da yayana duk na bar su. Amma wallahi ko asuba a jam'i ba ta zauna min ba, kullum amsata ɗaya ce, aiki ya yi yawa, zafi, gajiya, ba zan iya ba.

Wani dare bayan isha'i wani dattijo da muke zama da shi ya kawo labarin Ka'abu bin Malik, sahabin da bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Mutum sama da 80 suka zo da uzuri aka karɓa, shi kuwa ya ce ba shi da wani uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, har raƙuma 2 gare shi. Kwana 50 aka ƙaurace masa kafin Allah ya karɓi tubarsa.

Na kasa barci, saboda na tuna lokacin aikin hajji in an ce akwai alhajin da za a kai Harami ƙarfe 3 na dare, ko alam ban sa ba nake tashi don akwai riyal a ciki, to jikin nan ne dai, gajiyar nan ce dai, me ya sa sai asuba ce take gagara ta?

Washegari na ce masa "Baba, ashe ni ba kasawa na yi ba, ƙi na yi." Ya ce to yanzu ka san abin da za ka roƙa.

Na zauna na tace. Haddar Alƙur'ani da irin aikina yanzu gaskiya ba zan iya ba, kuma raina bai dame ni a kai ba. Asuba kuwa hirar dare da waya ne ban so bari ba, da na ajiye su ƙarfe 11 sai ga ni a sahu.

Maganar Yaya ce ta fi nauyi, da na duba sai na ga daɗin gabar nake ji, don tana sa in ga ni ne mai gaskiya. Har yau ban kira shi ba, lambarsa na nan a wayata. Abin da nake roƙo a sujada yanzu shi ne Allah ya sa in so kiran.