Yadda na dafa kwandon tumatir da sunan sanyaya shi

Har yau in na tuna kwandon tumatirin nan sai raina ya ɓaci. Na garin Dadin Kowa ne da ke jihar Gombe, jajaye masu tauri, na saya a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, wuta kuma sai an ga dama a kawo.

Dabarar tukunya cikin tukunya na gwada, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Haɗawa ba wuya: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki.

Wurin ajiyewa ne ƙaramin sani ya zame min ƙuƙumi. Na san ruwa ba ya bin iska sai ya sha zafi, lita ɗaya tana tafiya da kusan kilojul 2,400 (ma'aunin yawan zafi ke nan). Sai na ce to, in na ƙara wa tukunya zafi, ruwa zai fi saurin tashi, ciki ya fi sanyi. Na kinkime ta na dasa a tsakar gida, cikin rana tsaka.

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai Malam, ka taɓa ganin randa a rana?"

Na ce, "Inna, wannan kimiyya ce."

Kwana biyu na buɗe. Yashi ya bushe ƙayau, tumatir ya yi laushi, fatarsa ta tsattsage, ruwa mai tsami ya taru a gindi. Ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci.

Abin da ya kuɓuce min shi ne daga ina ruwan ke ɗaukar zafin. A inuwa, daga jikin tukunya da tumatir yake zuƙa, shi ya sa suke sanyi, kamar yadda zufa ke sanyaya jiki. A rana kuwa, rana ce ke biya masa buƙata har da rara, rarar kuma cikin tukunya take shiga. Ni da hannuna na kai ta can!

Yanzu tana gindin dalbejiya inda iska ke kaɗawa, ina jiƙa yashin safe da yamma. Da damina ta kankama a Agusta sanyin ya ragu ƙwarai, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Inna dai har yanzu in ta ga na nufi tukunyar sai ta ce, "Malam, yau ba za a kai ta shan hantsi ba?"