Ramin SSH a waya: abin da ke shiga cikinsa da abin da ke bi ta gefe

Makonni kaɗan da suka wuce na zauna a wani shagon gyaran waya da ke Adum, a nan Kumasi, ina gwada wata ƙaramar manhaja da na rubuta wa kawuna domin lissafin kayan shagonsa na Kejetia. Wi-Fi ɗin wurin kowa ya san kalmar sirrinsa, tun daga yaran shago har masu jiran a sauya musu gilashin waya, shi ya sa ban yarda bayanan cinikin kawu su bi ta kansa haka nan ba. Sai na buɗe Termux, manhajar buga umarni a Android, na haɗa wayata da sabar da nake haya, wato wata kwamfuta da ke nesa a kan intanet, ta wannan umarni na SSH, tsarin da ke kulle bayanan da ke tafiya tsakanin na'urori biyu:

ssh -N -D 1080 suna@sabar

Harafin D yana buɗe wata ƙofa mai lamba 1080 a cikin wayar kanta, irin wadda ake kira SOCKS, duk abin da aka miƙa mata kuma sai a kulle shi, a tura shi ta ƙofa ta 22, wadda SSH ya saba amfani da ita, zuwa sabar, daga can ya fita duniya; wannan kullalliyar hanya ita ake kira rami. Harafin N kuwa yana nufin rami kawai ake so, ba wurin buga umarni ba. Damuwar da ta sa na yi haka ita ce ta haifar da SSH tun farko, domin Tatu Ylönen ya ƙirƙiro shi ne a 1995 bayan an yi ta satar kalmomin sirri a layin sadarwar jami'arsu a Finland.

Ramin ya buɗu lafiya ƙalau, amma da na duba adireshin IP ɗina a burauza, wato lambar da ke nuna ta inda nake shiga intanet, sai na ga har yanzu na shagon ne. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin buɗe rami daban, shigar da manhajoji cikinsa daban. Saitin wakili (proxy) da ke cikin Wi-Fi na Android, inda ake gaya wa waya ƙofar da za ta miƙa wa zirga-zirgarta, na HTTP ne, wato tsarin shafukan yanar gizo, ba ya karɓar SOCKS, kuma ko an cike shi akwai manhajojin da ba sa waiwayarsa. Telegram na cikin waɗanda suka sauƙaƙa abin, tunda tana da gurbin SOCKS5 a saitinta, inda za ka rubuta 127.0.0.1, wato adireshin wayar kanta, da 1080 shi ke nan. Manhajata ni na rubuta ta, don haka na koya mata hanyar da hannuna. Sauran manhajoji sai an haɗa da wata manhajar da ke amfani da VpnService, tsarin da ya zo da Android 4.0 a 2011, ta tattaro zirga-zirgar wayar gaba ɗaya ta zuba a ramin, kuma a lokacin ne alamar makulli ke fitowa a saman allo.

Ko da hakan ma da sauran rina a kaba, domin a cikin manyan hanyoyi biyu da bayanai ke tafiya a intanet, wannan rami TCP kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar UDP, wanda kiran murya da bidiyo suka fi dogara da shi. Haka nan tambayoyin DNS, waɗanda ke fassara sunan shafi zuwa lamba, idan ba a saita su su bi ramin ba, mai Wi-Fi zai ga sunan duk shafin da ka nema. Sai kuma yankewa: da zarar ka fita daga shago wayar ta koma kan data, ramin ya mutu, kuma tsarin tanadin batir na Android kan tsayar da shi idan waya ta daɗe a ajiye. Na cire Termux daga wannan tsari, na ƙara saitin ServerAliveInterval 30, wanda ke sa wayar ta taɓa sabar idan an yi shiru na daƙiƙa 30, na bar wata ƙaramar manhaja mai suna autossh tana sake haɗawa idan ramin ya yanke.

Da na koma gida Aboabo da yamma, ƙanena ya leƙa allona ya ce, "Yaya, ai ni ma ina da irin wannan, kyauta ma na samu." Ya nuna mini wani fayil da aka raba a zaurensu na WhatsApp, ɗauke da suna da kalmar sirri na wata sabar da bai san mai ita ba, bai san ƙasar da take ba. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai, domin kullin SSH a sabar yake kwancewa. Abin da HTTPS, wato kullin da shafuka ke yi da kansu, ya rufe yana nan a rufe, amma mai sabar yana ganin wuraren da kake zuwa da lokacin da kake zuwa, abin da ba a rufe ba kuwa zai karanta shi, zai ma iya sauya shi. Wannan waya ce yake karɓar kuɗin ɗinkinsa da ita.

A daren nan muka goge fayil ɗin, muka ƙera masa makullin shiga irin ed25519 a wayarsa, mai rabi biyu, na sirri da ke zama a wayar da na fili, na ɗora rabin makullin na fili a sabar da nake haya, wadda dama na hana ta karɓar kalmar sirri. Da ya haɗa karon farko, wayar ta nuno masa tambarin sabar, wato jerin haruffa da lambobin da ke tabbatar da cewa ita ce, tana neman amincewarsa, na sa shi ya karanto mini shi harafi bayan harafi ina gwadawa da wanda ke kwamfutata, sai da suka yi daidai sannan ya amsa.