Takin da ruwa ya tafi da shi a hanyar Miango

Ƙannena, wata damina na watsa buhu huɗu na takin zamani a gonar masarata da ke hanyar Miango. Wayata ta nuna yiwuwar ruwa kashi 30 cikin 100, ni kuwa na ɗauka ba za a yi ba ke nan. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa kamar da bakin ƙwarya, taki ya bi kwari. Na daɗe ina kiran masu hasashen yanayi maƙaryata. Na ɗauki alhakinsu, don ban san aikin ba.

Yanka sararin sama ake yi gida-gida kamar dara, kwamfuta ta lissafa zafi da iska da laimar kowane gida, ta yi ta maimaitawa har ta hango gobe da jibi. A cibiyar hasashe ta Turai, wadda babbar kwamfutarta ke Bologna ta Italiya, faɗin gida ɗaya kusan kilomita 9 ne. To, ku 'yan Jos ne, sau nawa ake tafka ruwa a Bukuru alhali ƙura ke tashi a Terminus? Iska ta hau duwatsun Shere, nan da nan girgije ya taru. Hadarin da bai cika gida guda ba, kintace kawai na'ura ke yi masa. In kuma aka rage faɗin gidan da rabi, lissafin kan ninka kusan sau takwas. Shi ya sa nake fatan hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da ke Abuja ta samu manyan kwamfutocin da za su ga tudunmu da kwarinmu dalla-dalla, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙarin tashoshin awo.

Amma wa zai sarrafa su? Nan ne nadamata ta fi yawa. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, na riƙa kauce wa lissafi da rubuta manhaja, ashe su ne ƙashin bayan wannan aiki. Wanda ke makaranta a cikinku ya riƙe su da kyau.

Mai noma kuma ya nemi hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon shekara. Taki kuwa, yanzu raba shi biyu nake yi, in binne a gindin masara.