Saƙa, mako na 6: yadda "ply" ta sa ni warwara

'Yan'uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Hular jaririn da nake saƙawa ta kai rabi, amma sai da na warware ta sau 2, duk saboda wata 'yar kalma.

Tsarin da nake bi daga Ostareliya ya fito, an ce a saƙa da zare 8 ply. Ni kuwa na ɗauka sili 8 ake nufi. Na kama bakin ulun da ke hannuna, na murza shi baya da yatsa, sai ga sili 4 sun rabu. Na ce to, in riɓa shi biyu. Hula ta fito da kauri kamar faifai, ko lanƙwasuwa ba ta yi. Ashe a can lambar ta zama sunan kauri kawai: 8 ply shi ne matsakaicin zaren da Ingila ke kira DK, 4 ply kuma siriri ne, na safa da kayan jarirai. Silin ciki ko 3 ne ko 4, ba ruwansu.

Haushi ya sa na bi asalin kalmar. Daga Faransanci ta shigo Turanci: pli, wato ninki, shi kuma daga Latin plicare, a ninke. Ke nan kowane ruɓi na abu mai hawa-hawa ply ne. Falankin plywood siraran katako ne aka manne, kowane ruɓi jijiyarsa na gicciye ta na ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Takardar goge hannu mai 2 ply, ruɓi biyu ce. Abin da ya fi ba ni dariya, filayar da ke cikin akwatin kayan aikin maigidana ma 'yar dangi ce, don sunanta na Turanci, pliers, daga lanƙwasawa ya samo tushe.

A zare dai, ply tufka ce. Ana kaɗa kowane sili ta gefe guda, sannan a tufke su ta ɗaya gefen, murɗin ya danne juna. Duk wadda ta taɓa ganin tsohuwa da mazari, ko mai tufkar igiyar rama, ta san wannan tun kafin Turanci.

Yanzu kafin in soma komai, sai na saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 in ƙirga. Da zare mara riɓi na samu ɗinki 22, daidai da abin da tsarin ya nema. Gobe zan shiga rage ɗinki a saman hular.