Cike guraben da aka bari wayam a teburin lissafi da abin da ke samansu

Akwai wani aiki da na daɗe ina yi da hannu kafin in gano cewa kwamfuta tana iya gama shi cikin daƙiƙu kaɗan, wato cike guraben da aka bari babu komai a teburin lissafi na Excel da abin da aka rubuta a gurbin da ke samansu. Duk wanda ya taɓa karɓar rahoto daga wata manhajar ajiye bayanai ya san irin teburin da nake nufi. A ginshiƙi na farko za a rubuta sunan sashe sau ɗaya tak, sannan a jero sunayen ma'aikata goma sha biyu a ginshiƙi na biyu, a bar guraben da ke ƙarƙashin sunan sashen wayam har sai an zo sashe na gaba. Ga idon mutum wannan tsari yana da kyau, domin mai karatu ya san cewa gurbin da aka bari yana nufin "kamar na sama", kamar yadda masu rubuta rajista da alƙalami suke ɗiga 'yan alamu biyu maimakon su maimaita kalma. Kwamfuta kuwa ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Da zarar ka nemi ta tace maka ma'aikatan sashe guda, sai ta kawo maka mutum ɗaya daga cikin sha biyun, idan kuma ka sa ta jera layukan bisa haruffan sunaye, to alaƙar kowane mutum da sashensa ta tsinke ke nan.

Hanyar da na fi amfani da ita ita ce wannan. Da farko ina zaɓar ginshiƙin tun daga gurbi na farko mai rubutu har zuwa layi na ƙarshe na bayanan. Sai in danna maɓallin F5, ko kuma Ctrl da G tare, in shiga wurin da aka rubuta Special, in zaɓi Blanks. Nan take Excel zai saki guraben da ke da rubutu ya riƙe waɗanda babu komai a cikinsu kaɗai. Ba tare da na taɓa linzami ba, sai in buga alamar daidai (=), in danna kibiyar da ke kallon sama sau ɗaya, sannan in riƙe Ctrl in danna Enter. Wannan mataki na ƙarshe shi ne inda yawancin masu koyo suke tuntuɓe, domin hannu ya saba da danna Enter shi kaɗai, kuma idan aka yi haka gurbi ɗaya ne kawai zai cika.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa dabarar take aiki, domin wanda ya fahimce shi ba zai manta da matakan ba. Idan gurbi na farko da aka bari shi ne A3, wato gurbin ginshiƙin A a layi na uku, abin da ka rubuta zai bayyana a matsayin =A2, amma abin da Excel ya adana a zahiri shi ne umarnin "ɗauko abin da ke gurbi ɗaya a samana". Saboda haka A4 zai ɗauko daga A3, shi kuma A3 ya riga ya ɗauko daga A2, a haka sunan yake gangarowa daga gurbi zuwa gurbi har ya ci karo da wani sabon suna da aka rubuta tun asali, daga nan kuma sabon ya karɓi gangaren. Ko layuka goma ne ko dubu ɗari, bugun maɓalli ɗaya ne, kuma tun daga Excel na shekarar 2007 shafi guda yana ɗaukar layuka har 1,048,576.

Sai dai aikin bai ƙare ba tukuna. Abin da ke cikin guraben yanzu fomula ce mai dogaro da maƙwabcinta na sama, kuma idan maƙwabcin ya sauya, ita ma za ta sauya. Na taɓa cike irin wannan teburi, na ga ya yi kyau, na jera shi bisa kwanan wata, na aika wa wanda ya nema. Washegari ya dawo mini da shi yana tambayar yadda aka yi rabin ma'aikata suka koma sashen da ba su taɓa aiki a cikinsa ba. Laifina ne, domin jerawar ta canja wa kowane layi maƙwabci, fomulolin kuma suka ci gaba da kwaso abin da suka tarar a samansu cikin biyayya. Tun daga ranar, ina gama cikewa nake sake zaɓar ginshiƙin gaba ɗaya, in kwafa shi, in liƙa shi a wurinsa ta hanyar Paste Special tare da zaɓar Values, domin fomulolin su koma rubutu tsayayye. Dole ne a sake zaɓar ginshiƙin baki ɗaya, saboda Excel ba ya yarda a yi wannan da gurabe warwatsattsu.

Akwai ƙananan matsaloli da ake haɗuwa da su. Idan gurbi ɗaya kawai ka zaɓa kafin ka nemi Blanks, Excel zai ɗauka dukkan shafin kake nufi, ya cike maka har wuraren da ba ka so. Idan gurbi na farko a ƙarƙashin kan ginshiƙi shi ma wayam yake, to sunan ginshiƙin ne zai gangaro. Idan an saita ginshiƙin a matsayin na rubutu zalla, za ka ga =A2 ta zauna a gurbin yadda ka buga ta ba tare da ta yi lissafi ba, sai ka mayar da saitin zuwa General ka sake. Wani lokaci kuma kwanan wata yakan gangaro a matsayin lamba kamar 45292, wanda ba kuskure ba ne: Excel yana ƙirga ranaku ne daga farkon shekarar 1900, kuma wannan lamba ita ce 1 ga Janairu, 2024, sai dai a gyara mata siffa. Idan kuwa an haɗe guraben wuri guda, a fara raba su, domin rabawar za ta bar rubutun a gurbin sama ta bar sauran wayam, wanda shi ne daidai yanayin da dabararmu take buƙata.

Matsalar da ta fi ɓata lokaci ita ce ta gurbin da ido yake gani wayam alhali akwai abu a cikinsa, ko dai tazara guda da wani ya buga, ko kuma sakamakon wata fomula da ta mayar da rubutu marar harafi ko ɗaya. Excel zai ce bai sami gurbin da babu komai ba, kai kuma kana kallon ɗaruruwansu. A irin wannan hali nakan buɗe sabon ginshiƙi a gefe in rubuta =IF(TRIM(A2)="",B1,A2) a gurbin B2, in ja ta zuwa ƙasa. Ma'anarta ita ce, idan bayan share tazara babu abin da ya rage a A2, a ɗauko na sama a sabon ginshiƙin, wato B1, in ba haka ba a ɗauko abin da ke A2. Wannan fomula tana aiki a wasu manhajojin teburin lissafi irin su Google Sheets da LibreOffice Calc ba tare da an sauya mata komai ba, kuma tana da fa'idar barin ginshiƙin asali yadda yake domin a iya kwatantawa daga baya.

Wanda irin wannan rahoto yake zo masa kowane wata, ya fi masa sauƙi ya koyi Power Query, wani kayan aiki na shigo da bayanai da gyara su, wanda yake cikin Excel tun daga na 2016. A can akwai umarnin Fill Down mai cike guraben da abin da ke samansu, kuma manhajar tana riƙe matakan da aka bi, ta yadda in sabon fayil ya zo sai a sabunta kawai. Idan kuma daga teburin taƙaitawa na Pivot guraben suka samo asali, tun daga Excel 2010 akwai zaɓin Repeat All Item Labels da ke maimaita sunayen tun daga tushe.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne duba ginshiƙi kafin a cike shi, domin gurbin da aka bari yana iya nufin abu biyu mabambanta. A ginshiƙin sunan sashe, ko na lambar takardar oda mai ɗauke da kaya da yawa, yana nufin "kamar na sama", kuma cike shi mayar da bayani ne wurin da ya dace. A ginshiƙin adadi, ko na makin jarrabawa, ko na ma'aunin zafi da ake ɗauka kullum, yana iya nufin ba a auna ba, ko ɗalibin bai zauna jarrabawar ba. Idan ka gangaro da makin wanda ke sama, ka bai wa ɗalibi makin da bai samu ba, kuma jimilla da matsakaicin da za a fitar daga baya duk za su kauce ba tare da Excel ya nuna wata alamar gargaɗi ba. Akwai kuma layukan jimilla da rahotanni kan saka a ƙarshen kowane rukuni, waɗanda gurbinsu na farko yakan zo wayam. In aka cike su, sai jimillar ta shiga sahun ma'aikatan sashen a lissafa ta sau biyu. Shi ya sa a yanzu nake cire waɗannan layuka tukuna, in ajiye kwafin fayil ɗin asali, sannan in ƙirga guraben da ke wayam da fomular COUNTBLANK kafin cikewa, domin in san adadin waɗanda na taɓa idan an zo ana tambaya.