Doka da Kasuwa: Abin da Na Gani a Sana'ar Hatsi a Bakin Iyaka

Sana'ata sayen wake da gero da riɗi. Ina bin kasuwannin ƙauye a ƙasar Gumel, in tara tiya-tiya har ya cika buhu, in kai Maigatari ranar Alhamis, wani lokaci kuma mu haɗa mota da abokan sana'a mu tura Dawanau a Kano. A hannun mahaifina na koya. A zamaninsa dokar da ɗan kasuwa ya sani ita ce ta Sarkin Kasuwa: ya duba mudunka, ya raba gardama tsakanin dillali da mai kaya, ya nuna wa kowa inda zai baza. Ka san shi, ya san ka, in ya zalunce ka ka san ƙofar da za ka kai ƙara. Dokar da take juya cinikina yau kuwa daga nesa take tahowa. A rediyo nake jin ta, sau da yawa ma bayan ta riga ta fara aiki.

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. An ce don a hana fasa-ƙwaurin shinkafar waje da shigo da makamai. Ban raina dalilin ba, kuma na san manoman shinkafa na yankin Haɗeja da Auyo sun ji daɗin farashi a lokacin. Amma rufewar ba ta tsaya kan shinkafa ba, ta haɗa da komai, shiga da fita. Mu a nan, iyaka ba ƙarshen duniya ba ce. Daga Dungas da Magarya da Damagaram ake kawo mana wake da dabbobi da kanwa, mu kuma daga nan masara da garin kwaki da kayan masarufi suke haurawa. Akwai auratayya, akwai zumunci, akwai wanda gonarsa take can gidansa yake nan.

Abin da na gani da idona shi ne cinikin bai mutu ba, hanya ya sauya. Ya bar titi ya koma daji, ya bar rana ya koma dare, ya bar mota ya koma kan babur. Mai ƙarfin jari da ya san mutane ya ci gaba da harkarsa, ribarsa ma ta ƙaru don abokan gasa sun ragu. Mai buhu biyar ko goma, wanda ba zai iya jure a kama masa kaya ko sau ɗaya ba, shi ne ya zauna a gida. Ni ina cikin waɗanda suka janye. Na tsaya ga abin da ake nomawa a ɓangarenmu, na rage saye, na sallami yaran da suke taya ni awo da ɗinkin buhu. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da suke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da masu tsallakawa da mai ake, amma mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa su ma a cikin kilomita 20 ɗin suke rayuwa. Duk suka koma hannun 'yan bumburutu. Sai a watan Disamba na 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari tana ciki, tare da Illela da Seme da Mfun.

Duk da haka, ban san doka tana iya shiga har cikin aljihun mutum ba sai da aka zo canjin kuɗi.

A watan Oktoba na 2022 aka sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbi suka fara fita a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffi za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cira: da farko naira 100,000 a mako, da aka yi ƙorafi aka mayar 500,000. Ga mai albashi wannan kuɗi ne mai yawa. Ga mai sayen hatsi a tsakiyar kaka, cinikin safiya ɗaya ne. Kuma ko wannan ɗin ba a samu. Mun kwashi tsofaffin kuɗi mun kai banki kamar yadda aka ce, sababbin kuwa ba su zo ba. Mutum ya bar ƙauyensu da asuba, ya biya kuɗin mota, ya wuni a layi, ya dawo da abin da bai kai kuɗin cefane ba, ko ya dawo hannu rabbana.

Wata ranar kasuwa wani dattijo da muka daɗe muna ciniki ya kawo mini wake a amalanke. Fari ne tas, an sheƙe shi da kyau, ba tsakuwa ba ƙwaro. Muka auna, muka yi ciniki, ya sallama. Na ce, "Baba, kuɗinka suna nan, amma a asusu suke. Sai dai in tura maka ta waya."

Ya ce, "Ɗana, wace wayar? Ni kuɗi nake so in riƙe. Gwaggonka tana kwance, magani zan saya mata."

Na ce ko akwai wani ɗansa mai asusu. Ya ce akwai, yana Kano. Ko na tura, yaya kuɗin za su zo hannun tsohon a ranar? Na zaga rumfunan masu na'urar cire kuɗi, wanda yake da su ya ce a kan kowace dubu goma sai na bar masa dubu ɗaya da wani abu, shi ma sayo su ya yi. Na karɓi abin da ya samu na ba Baba, na je wajen mai kemis na tura masa kuɗin maganin, sauran na rubuta a littafi. Ya ɗora amalankensa ya tafi da rabin haƙƙinsa, alhali wakensa na halal, kuɗina na halal, ba wanda ya yi wa wani laifi a cikinmu.

A makonnin nan kasuwa ta zama mai farashi biyu: na kuɗi hannu daban, na taransifa daban. Mai tsabar kuɗi shi ne sarki. Na ga an sayar da akuya da tunkiya a wulaƙance don kawai mai su ya riƙe takarda a hannu. Wanda ya yarda da taransifa kuma sai ya zauna jiran alat, sabis ya ɗauke, an cire a asusun mai saye bai shiga na mai sayarwa ba, mota tana jira, rana tana faɗuwa. Mutanen da suka yi shekaru suna amana suka fara kallon juna da zargi. Wasu a bakin iyaka suka koma ciniki da sefa. Wasu suka koma musaya, gero da manja, wake da sabulu. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne na ƙasa da mu: mai fura, mai ƙosai, mai ruwan leda, 'yan dako. Cinikinsu na naira hamsin da ɗari ne, ba wanda zai tura musu ta waya. An ce manufar ita ce a karya masu sayen ƙuri'a da masu karɓar kuɗin fansa. To, an bar jaki ana dukan taiki.

Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai ƙara, wasu jihohi suka bi. Ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, daga baya ma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ga shi yau tsoho da sabo suna yawo tare a aljihu ɗaya, amma wanda ya karyar da dabbarsa a Fabrairu ba a mayar masa da ko sisi ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyaka, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Rigimar shugabanni ce, mu aka rufe wa ƙofa.

Akwai kuma abin da ba a sanarwa a rediyo, wato kuɗin hanya. Daga inda aka yi lodi zuwa inda za a sauke, ana tsayar da mota a wurare da dama. Wani da rasit, wani ba rasit, wani rasit ɗin ma ba ka gane sunan wanda ya buga shi. Ban ƙi biyan haraji ba. Kasuwa tana son rumfa, tana son magudanar ruwa da mai gadi, kuma da kuɗi ake yin su. Abin da yake ci mini rai shi ne in biya abu ɗaya sau da yawa da suna daban-daban, sannan damina ta zo in ga buhuna a cikin taɓo. Na koyi cewa, "Yallaɓai, a ba ni takarda," cikin ladabi, in kuma adana ta. Wani lokaci tana raba ni da na gaba, wani lokaci ba ta yi. Duk abin da aka karɓa a hanya kuwa ba daga aljihun ɗan kasuwa kaɗai yake fita ba. Ana rage shi a kuɗin manomi, ana ƙara shi a kan mai saye.

A farkon 2024, da abinci ya yi tsada, aka rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Na fahimci fushin jama'a, yunwa ba ta da haƙuri. Kuma ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane haramun ne, ba mai jayayya. Amma ajiya daban, ɓoyewa daban. Hatsi sau ɗaya ake girbe shi a shekara, a ci shi wata goma sha biyu. In ba wanda ya saya da kaka ya ajiye, me za a auna da bazara? Da labarin ya iso mana, da yawanmu muka ji tsoron tara kaya, kuma tsoron nan manomi ne ya fara jin sa a farashi. Malamanmu suna karantar da mu cewa an taɓa roƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina da kaya suka yi tsada, bai yi ba. Shi ne kuma ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya bar ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya tsaya a kan ha'inci.

A nan ne nake rabuwa da abokaina masu cewa gwamnati ta fita harkarmu kwata-kwata. Akwai wuraren da nake neman doka ido rufe ban same ta ba. Kowa a sana'ar nan ya san masu zuba fiya-fiya da dangoginsa a cikin wake don kada ƙwaro ya ci. Ka buɗe buhu wari ya buge ka, kuma gobe yara za a dafa wa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan maganin a jikinsa. Laifin wasu ya rufe wa kowa kasuwa. Ni na koma amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Ya fi tsada, kuma a kasuwa farashi ɗaya ake taya nawa da na mai guba, don ba wanda yake dubawa. Haka taki da ake haɗawa da yashi, haka iri na jabu, haka tiyar da aka bubbuge gindinta. Jami'in da zai tsaya a kan waɗannan, wallahi ni zan fara ba shi wurin zama a rumfata. Amma shi ba a ganinsa. Wanda ake gani shi ne mai tsayar da mota.

Na sauya abubuwa da dama a yadda nake sana'a. Na buɗe asusu a wuri fiye da ɗaya, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Na taimaki wasu daga cikin manoman da nake saye a hannunsu suka buɗe nasu, ko da yake mai rashin lambar shaidar ɗan ƙasa sai ya fara da neman ta, ita ma tafiya ce da layi. Gaskiya taransifa ta rage mana fargabar 'yan fashi a hanyar dawowa daga kasuwa, kuma da an bar mutane sun shige ta a hankali da sun karɓe ta ba tare da kuka ba. Littafin bashi ya dawo da darajarsa, ina rubutawa a gaban shaida. Na shiga ƙungiyar 'yan kasuwarmu da gaske, ina zuwa taro, domin mutum ɗaya ba a jin muryarsa, amma in shugabannin kasuwa suka je wajen hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma tare, akan saurare su. Abin da muke roƙo ba shi da yawa: a tambaye mu kafin a yanke, a ba da lokacin da ya dace da kaka da damina, a haɗe kuɗaɗen hanya su zama guda da rasit guda.

Sauyin da ya fi yi mini ciwo shi ne na daina zuba jarina duka a kaya. Da, in kaka ta yi, duk abin da nake da shi nakan mayar da shi wake da riɗi, har in ba manomi kuɗin taki tun farkon damina ya biya ni da amfanin gona. Yanzu kashi uku nake yi: wani a kaya, wani a asusu, wani a hannu, saboda ban san sanarwar da za ta fito gobe ba. Kuɗin da suke zaune jiran tsammani ba sa sayen waken kowa. Bana manoma da dama sun zo neman kuɗin taki kamar yadda muka saba, kaɗan daga cikinsu na iya ba, sauran na ba su haƙuri.